Wa Ke Riƙe da Alƙalamin? Izinin Gyaran Takardu a Zauren Kamfani

Shekaru kaɗan da suka wuce wani kamfani mai sayar da taki da magungunan feshi ya ɗauke ni aikin wucin gadi, in duba masa Hausar wata jagora da yake bai wa wakilansa na karkara. Jagorar ba ta kai shafi talatin ba, amma a cikinta ne wakili ke karanta wa manomi yawan maganin da zai zuba a tankin feshi, da kwanakin da zai jira kafin ya ɗebi amfanin gona, da abin da zai yi idan magani ya faɗa masa a ido. Muka shafe wata guda muna kai da kawo da masanin aikin gona na kamfanin, shi yana tsare ma'ana ni ina tsare harshe, har muka gamsu muka sa hannu. Aka ajiye takardar a rumbun kamfanin na intanet, aka liƙa mahaɗinta a shafin ma'aikata domin kowa ya same ta a sauƙaƙe.

Bayan wasu watanni aka sake kirana a kan wani ƙarin babi. Da na buɗe takardar sai na tarar babu sauran harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a cikinta. Inda muka ce a hana baƙi shiga gonar da aka yi wa feshi, yanzu baki ake hanawa. Ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Wannan ya ba ni dariya, domin duk wanda ya daɗe yana rubuta Hausa a kwamfuta ya saba da irin wannan ɓarna. Dariyar ta tsaya ne a shafin awo, inda muka rubuta murfi ɗaya na tarar da murfi biyu. Muka buɗe tarihin gyare-gyaren takardar don mu ga hannun da ya taɓa wurin, sai ya nuna mana asusun ofishin talla, wanda duk ma'aikatan ofishin ke shiga da kalmar sirri guda. Ba wanda ya amsa cewa shi ne. Ban kuma yi zaton da mugun nufi aka yi ba. Mai yiwuwa wani ne ya ji manoma na cewa murfi ɗaya ba ya kashe ƙwari, ya ga ga dama, ya gyara abin da yake ganin kuskure ne. Kafin a farga, wasu wakilai sun riga sun buga shafin sun tafi da shi kasuwannin ƙauye.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da zan kare a nan: duk takardar da aka liƙa mahaɗinta a shafin ma'aikata ta tashi daga daftari ta zama maganar kamfani, don haka bai kamata alƙalamin gyaranta ya kasance a hannun kowa ba face mutanen da za a iya kiran sunansu a tambaye su. Abin da ke hana mu yin haka kuwa, a ganina, ba rashin sanin kwamfuta ba ne kaɗai. Akwai wata al'adar ofis da muka gina, inda izinin gyara ya zama alamar girma.

Makulli biyu a hannun mutum biyu

Yawancin kamfanoni da hukumomi masu ma'aikata da yawa suna da wani shafi da suka keɓe wa ma'aikatansu kaɗai, ba a shigarsa sai da suna da kalmar sirri. Masana kwamfuta na kiransa intiranet. Ni zan riƙa ce masa zauren kamfani, domin aikinsa ya yi kama da na zaure a gidan Bahaushe: nan ake yin sallama, nan ake jin sanarwa, daga nan kuma hanya ke shiga cikin gida. Su takardun ba a zauren suke kwana ba. Suna can a rumbu, ko Google Drive ko SharePoint ko OneDrive ko Box; abin da ke zauren mahaɗi ne kawai, wato 'yar hanyar da ake latsawa ta kai mutum ga takarda. Ke nan makulli biyu ne a hannun mutum biyu. Mai kula da zaure shi ke yanke wanda zai ga mahaɗin, mai takarda kuma shi ke yanke abin da wanda ya bi mahaɗin zai iya yi idan ya isa. Sau da yawa waɗannan mutane biyu ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Manhajar Google Docs, wadda ta fito a 2006, ta kasa izini gida uku: mai karantawa, mai tsokaci, da mai gyara. Kamfanin Microsoft, wanda SharePoint ɗinsa ya girme ta da shekara biyar, yana tambayar mai raba takarda irin mahaɗin da yake so: na kowa da kowa, ko na mutanen cikin kamfani, ko na waɗanda dama suna da izini, ko na wasu mutane da za a ambata da suna. Zaɓi na biyun nan shi ne tarkon da aka fi faɗawa, saboda yana da kamar aminci. Ma'aikaci ya rubuta daftari, yana son abokan aikinsa biyar su sa masa hannu, sai ya zaɓi cewa duk ɗan kamfanin da ya sami mahaɗin yana iya gyarawa, ya aika musu ta imel. A wannan lokaci mutum biyar ne ke da alƙalami, domin su kaɗai suka san hanyar. Aiki ya kammala, manaja ya yaba, aka ce a sa a zaure. Mai kula da zaure ya kwafi mahaɗin nan dai da aka turo masa ya liƙa. Ba wanda ya taɓa tsarin izinin, amma daga wannan sa'a masu alƙalami sun tashi daga biyar sun koma adadin duk wanda ke karɓar albashi a kamfanin, har da wanda aka ɗauka jiya.

Abu biyu ne suka sauya a lokaci guda, kuma sun sauya ta fuskoki masu karo da juna. Darajar takardar ta ƙaru, domin mai karatu ya ɗauka duk abin da ya gani a zaure hukuma ta tantance shi. Tsaronta kuwa ya ragu. Takardar da aka fi yarda da ita ta zama wadda aka fi sauƙin ɓatawa.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke ƙara buɗe lamarin. A Google Drive, idan mai takarda bai shiga ya kashe zaɓin ba, duk wanda aka ba izinin gyara yana iya bai wa wani irin wannan izini, shi ma ya bai wa wani. Takardar da aka jefa cikin wata jaka tana gadon izinin jakar, ko mai jefawar ya sani ko bai sani ba. Idan kuwa mahaɗin na kowa da kowa ne, mutum na iya gyara ba tare da ya shiga da sunansa ba. Google Docs sai ta nuna shi da sunan wata dabba marar suna, tarihin gyare-gyare kuma ba zai iya faɗin ko wane ne ba. Mu ma a namu kamfanin tarihin bai yi ƙarya ba, ya faɗi asusun da ya yi gyaran. Asusun ne ba na kowa ba saboda na kowa ne.

Maganar ba sabuwa ba ce a wurin masana tsaron kwamfuta. Tun a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT da ke Amurka suka wallafa wata maƙala da ta zama ginshiƙi a fannin, inda suka zayyana ƙa'idoji takwas na tsare bayanai. Biyu daga ciki sun shafe mu kai tsaye: a bai wa kowane mutum mafi ƙarancin ikon da aikinsa ke buƙata, kuma asalin kowace ƙofa ya zama a rufe take sai an buɗe ta da gangan. Shekara hamsin ke nan, amma manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2019 wani kamfanin bincike mai suna Adversis ya gano cewa ma'aikatan kamfanoni fiye da 90 sun bar takardunsu a buɗe a rumbun Box ta hanyar mahaɗan da baƙo zai iya canka. A watan Satumba na 2023 kuma masu bincike na kamfanin Wiz suka bayyana cewa wani mahaɗi da ma'aikatan Microsoft suka sa a shafin GitHub, da nufin raba wasu bayanan bincike, ya buɗe rumbu mai terabayit 38, ciki har da saƙonnin ma'aikata fiye da 30,000. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne mahaɗin bai tsaya ga karatu ba, ya ba da ikon sharewa da sauyawa. Idan masu ƙera makullin sun manta shi a jikin ƙofa, bai kamata mu yi wa sakataren wani ƙaramin ofis dariya ba.

Izini a matsayin rawani

Sai dai akwai wani ɓangare na matsalar da ba a cikin littattafan tsaron kwamfuta za a same shi ba. A ofisoshin da na yi hulɗa da su, ba a kallon izinin gyara a matsayin nauyi. Kallon muƙami ake yi masa. Ƙaramin ma'aikacin da ya buɗe takarda ba zai iya sa shugaban sashensa a sahun masu karatu kawai ba, domin yana ganin rashin ladabi ne a ce Yallaɓai ya zo gyara manhaja ta ce masa ba shi da iko. Sai ya sa shi a masu gyara, ya sa mataimakinsa, ya sa sakatariyarsa tunda ita ce ke riƙe da kwamfutar. Yallaɓai kuwa bai taɓa buɗe takardar a kan tebur ba. A waya yake dubawa, a cikin mota, da babban yatsa, inda taɓawa ɗaya ta kuskure ke share layi ba tare da ya lura ba. Wayar nan kuma allon rubutunta na Turanci ne, yana sauya kalmomin Hausa zuwa abin da yake zaton an yi nufi.

Bayarwa ma da sauƙi a kan karɓewa. Idan aka yi wa babba sauyin wurin aiki, wa zai cire sunansa daga jerin? Wanda ya gaje shi yana jin nauyi, kada a ce bai ko bari kujerar ta huce ba. Na ƙasa yana tsoron kada saƙo ya je wa tsohon maigidansa cewa wane ya cire shi. Haka jerin masu gyara ke tsawo shekara bayan shekara, kamar jerin sunayen da ake karantawa a wurin ɗaurin aure, ba a barin kowa don kada a ɓata rai. Kunya halin kirki ce, ba kuma ina kira a yar da ita ba. Abin da nake cewa shi ne an ɗora ta a inda ba muhallinta ba, kuma wanda ke biyan kuɗin wannan kunya shi ne manomin da ya zuba murfi biyu.

A ɗaya gefen kuma akwai masu wucewa. Ɗan hidimar ƙasa shekara ɗaya yake yi, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa a ofis iya kwamfuta, don haka shi ake sa wa ya buɗe takardu. Yakan buɗe su da asusunsa na Gmail na kansa, domin ba a ba shi na kamfani ba. Ya gama hidima ya koma garinsu, mahaɗin na nan a zaure yana aiki, amma mamallakin takardar a idon manhaja wani saurayi ne da ba wanda ke da lambarsa yanzu. Ranar da ya ga rumbunsa ya cika ya yi shara, jadawalin farashin kamfani ya tafi. Ko da asusun na kamfani ne, OneDrive a bisa tsarinsa na asali kwana 30 yake riƙe takardun ma'aikacin da aka share asusunsa, sai fa idan an tsawaita wa'adin.

Abin da masu kwafar littattafai suka sani

Masu nazarin rubutattun littattafanmu na da, irin waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna ko a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, sun san cewa malamanmu sun daɗe da raba matani da hashiya. Matani na tsakiyar shafi, na mawallafi ne. Mai karatu, ko almajiri ne ko babban malami, idan yana da abin faɗa sai ya koma gefe ko tsakanin layuka ya rubuta da ƙaramin hannu, wani lokaci da Larabci wani lokaci da ajami. Idan mai kwafa ya tsallake kalma, a gefe ake maido ta a sa mata alamar sahha, don mai zuwa ya san gyara ne aka yi kuma an tabbatar. A ƙarshen littafi mai kwafa yakan ambaci sunansa, ya roƙi addu'a, ya nemi afuwar kuskure. Babban malami bai ɗauki rubutu a gefe a matsayin ƙasƙanci ba. Wasu hashiyoyin ma sun fi matanin da suka kewaye shahara. Izinin tsokaci na manhajojin yau hashiya ce, ba wani abu ba. Mu ne muka mai da shi kujerar baya.

Ba ina cewa tsarin da ba ya kuskure ba. Duk wanda ya taɓa tace wata waƙa ta ƙarni na 19 ya san yadda kwafi uku ke ba da baiti uku mabambanta. Amma a nan ne bambancin da ya fi muhimmanci yake. A zamanin kwafi da hannu, mai kwafa ɗaya ya ɓata kwafi ɗaya ne. Sauran na nan a wasu garuruwa, mai tacewa ya tara su ya gwama ya gano inda hannu ya zame. Takardar da ke rumbun intanet kuwa ƙwaya ɗaya ce tal. Wannan shi ne amfaninta, domin kowa na karanta abu guda, shi ne kuma haɗarinta, domin wanda ya ɓata ta ya ɓata wa kowa a lokaci guda, babu wani kwafi a Katsina ko Zariya da za a ɗauko a gwada. Abin da ya rage mana a madadin gwama kwafi shi ne tarihin gyare-gyare, shi kuma ba ya amfani sai an san akwai abin nema, sai kuma kowane hannu na da suna.

Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin dalili. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gindin zama a tsarin Unicode, mun yi shekaru muna dogara da nau'o'in rubutu irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda ke aron wasu maɓallan su ɗora musu ɓ da ɗ da ƙ. Har yau akwai takardu masu yawa da aka rubuta haka. Mutum ɗaya mai izinin gyara ya zaɓi duk rubutun ya sauya masa nau'i don ya fi kyau a idonsa, sai a wayi gari ƙasa ta zama }asa ko qasa, ɗaya ta zama ]aya ko xaya. Wanda ya zo bayansa ya ga tarkace, ya yi amfani da umarnin nemo da musanyawa ya mai da su k da d, yana ganin ya yi taimako. Ina kyautata zaton haka aka yi wa jagorarmu. Minti biyu sun isa a yi wannan. Maido da lanƙwasar kuwa sai an bi kalma bayan kalma, domin na'ura ba ta san inda ake nufin baki da inda ake nufin baƙi ba.

Hujjar masu cewa a bar ƙofa a buɗe

Akwai masu ganin akasin haka, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wanda ya ga kuskure ya gyara nan take ya fi a jira mai takarda ya dawo daga hutu. Suna kafa misali da Wikipedia, wadda tun 2001 take a buɗe ga kowa, har da sashenta na Hausa, kuma ba ta rushe ba. Gaskiya ne. Amma a duba abin da ke riƙe da ita: kowane gyara na shiga jerin da masu sa kai ke dubawa dare da rana, kowane shafi na da wurin muhawara, kuma shafukan da aka fi taɓawa ana kulle su a bar wa amintattu. Buɗewar tana tafiya ne da tsaro mai yawa da ba a gani. Jagorar kamfani ba ta da masu gadi irin waɗannan. Wata uku na iya wucewa ba wanda ya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, kowa shafin da yake buƙata yake buɗewa.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi. Idan aka tsananta kulle, mutane ba sa daina aiki, kewayewa suke yi. Wanda aka hana gyara sai ya sauke takardar a wayarsa, ya gyara nasa, ya tura a rukunin WhatsApp na ofis. Kafin wata ya ƙare akwai jagora, da jagora sabuwa, da jagora ta ƙarshe, da ta ƙarshen ƙarshe, ba wanda ya san wadda ke aiki. Saltzer da Schroeder ma sun hango wannan, domin cikin ƙa'idojinsu takwas akwai cewa tsaron da ya yi wa mutane wuyar bi ba za su bi shi ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa ban ce a toshe bakin kowa ba. A buɗe hashiya ga duk ma'aikaci, a kuma ɗora wa mai takarda wajibcin amsa tsokaci cikin 'yan kwanaki. Mutumin da ya san za a saurare shi ba ya buƙatar fasa ƙofa. Wanda ya sauya mana awon magani, da ya sami wurin rubuta cewa manoma na ƙorafin murfi ɗaya ba ya aiki, da masanin aikin gona ya binciki dalili, wataƙila ya gano cewa tankinsu ya fi wanda aka yi lissafi da shi girma, ko maganin da suke saya gauraye ne. Ƙorafin na da amfani. Wurin da aka zuba shi ne ba daidai ba.

Haka kuma ba kowace takarda ce ke buƙatar wannan tsari ba. Jerin masu son shiga motar zuwa ta'aziyya, ko takardar tattara shawarwari kafin taro, a bar su a buɗe, ba abin da zai lalace. Tambayar da za a yi kafin a liƙa mahaɗi ita ce: idan wani ya sauya lamba ɗaya a nan ba a lura ba har wata guda, wa zai cutu? Idan amsar ta haɗa da lafiyar mutum ko kuɗinsa ko haƙƙinsa, to a raba madafi da akushi. Daftarin da ake aiki a kai ya zauna a inda masu aikin kaɗai ke shiga, abin da za a kai zaure kuwa ya zama kwafin da aka amince da shi, na karatu da tsokaci. SharePoint na da wannan tsari a cikinsa, inda ƙananan gyare-gyare ke ɓoye ga masu karatu har sai mai amincewa ya sa hannu. A Google Drive ma ana iya yi da takardu biyu. A saman kowace takarda a rubuta sunan mai ita da ranar da aka duba ta ƙarshe, kamar yadda mai kwafa ke sa sunansa a ƙarshen littafi.

Maganin kunyar nan kuma, a nawa ganin, shi ne a cire hukuncin daga hannun ƙaramin ma'aikaci. A riƙa bayar da izini ga rukunin aiki maimakon mutum, ta yadda wanda ya bar sashe izininsa zai faɗi da kansa ba tare da wani ya cire shi ba. Wanda aka gayyato aikin wucin gadi, kamar ni, a sa wa izininsa wa'adi tun ranar farko. Manhajojin biyu duk suna ba da damar haka a asusun kamfani. Takardun hukuma su zauna a rumbun sashe, ba a na wani mutum ba. Takardar miƙa aiki da ma'aikaci ke rubutawa idan zai tafi, wadda ke lissafa makullan ofis da kwamfuta da mota, ta riƙa lissafa takardun da yake riƙe da alƙalaminsu. Asusun da mutum shida ke shiga da kalmar sirri guda kuwa, wannan a rufe shi kawai.

Wanda bai ji wannan don tsoron kuskure ba, ya ji don doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ba ta tsaya ga fallasa bayanai ba. Sauya su ko lalata su ba bisa ƙa'ida ba shi ma keta ne a wurinta. Ta wajabta sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin sa'o'i 72 idan ketar na iya cutar da mutane, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Jadawalin lambobin asusun bankin ma'aikata da aka bari kowa na iya gyarawa ya shiga wannan babi. Ga kuma wani sabon baƙo: tun daga Nuwamban 2023 da Microsoft ya fara sayar wa kamfanoni Copilot, manhajar da ke amsa tambaya ta hanyar karanta duk takardun da mai tambaya ke da izinin gani, takardun da a da duhu ne kawai ke tsare su sun fara fitowa fili. Har sai da kamfanin ya fito da hanyar taƙaita binciken SharePoint a 2024 don masu gudanarwa su sami sararin gyara izininsu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manhajar za ta karanto wa ma'aikaci murfi biyu da cikakken tabbaci, domin abin da ta tarar a takardar ke nan.

Mu ma da ke jami'a ba mu fita daga wannan ba, ko da ba kamfani muke ba. Jadawalin makin ɗalibai, da maƙalun da ke jiran tacewa a mujallu irin wannan, da rubutun hirarrakin da aka naɗo daga bakin tsofaffin da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, da yawansu na zaune a bayan mahaɗan da aka raba wa kwamitin da ya watse tun shekaru uku da suka wuce.

A kamfanin da na ba da labari, an janye shafin da aka buga, aka bi wakilai da waya ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo rage masu gyara zuwa mutum biyu, wani babban jami'i ya tambaya cikin raha mai ɗauke da 'yar ƙura ko shi ma yanzu sai ya nemi izini. Masanin aikin gona ya ce masa, “Ranka ya daɗe, ai sauƙi aka yi maka. Duk ranar da aka sami kuskure a ciki, ni za a kira ba kai ba.” Aka yi dariya, aka wuce wurin. Tsokaci na farko da ya shigo bayan an buɗe hashiya daga wani wakili ne, yana cewa ciyawar da muka kira ƙuduji, manoman yankinsa wuta-wuta suka san ta. Muka duba, muka rubuta sunayen biyu a jere.